Noti na Shida

A ƙauyenmu, can tsakanin Bici da Kunci, gona ba ta bar wa kowa fili ba. Kana fitowa daga zaure ƙafarka za ta taka kunyar gero, gonar wani kuma tana ƙarewa ne a inda ta wani ta fara. Wuri ɗaya ne a bayan gidanmu fartanya ba ta taɓa shi, ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa, domin nan akori-kurar Babanmu take tsaye. Shekara goma sha tara ta yi a gindin bishiyar nan. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun yi ƙwai a kujerar direba, awaki kuma sun mayar da ƙarƙashinta wurin fakewa idan ana ruwa.

Baba direba ne, kuma shi ne bakaniken kansa. Da motar nan ya yi ta jigilar gyaɗa da dawa da mutane zuwa kasuwanni, da ita ya ciyar da mu, da ita aka kai rabin matan ƙauyen asibiti haihuwa. Bai taɓa yarda wani ya sa mata sifana ba. Idan zai yi gyara, tabarma yake shimfiɗawa a gaban motar, ya jera gwangwanayen madara, kowane noti da ya kwance ya san gwangwaninsa. In kuma ya zo mayarwa, sai ya lakaci giris da ɗan yatsa ya shafe jikin notin tas kafin ya ɗaura, komai ƙanƙantarsa. Wannan aikin shafe-shafen ya fi komai ba ni haushi. Nakan ce, “Baba, ai zai ɗauru ko ba giris.” Sai ya ce, “Yo wa ya ce maka don ɗaurewa ake shafawa? Don wanda zai zo kwancewa ne bayanka. Ka tausaya masa mana.”

Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa. Ina cin tuwo da zafinsa, ina tsallake layi a karatu, kuma har yau da furfura a gemuna ɗalibaina sun san ba na jiran mai in'ina ya gama amsa. Da na zama malamin makaranta sai Baba ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam, da wata 'yar murya wadda kai da jin ta ka san da tsokana a ciki. Inna ma dama ba ta taɓa kiran sunan ba, ni ne ɗan farinta. “Kai” take ce mini, ko ta yi magana da bango in tsinci nawa.

Inna ta fi kowa sanin kukan motar nan. Tun tana kan hanyar burji, ba a ko hango ta ba, za ta ajiye muciya ta ce, “Ga shi nan.” Sai ta ɗebo ruwa a randa cikin wani farin kwanon sha, ta tsaya a ƙofar zaure ta ciki. Yana kashe mota, yana sallama, kwanon yana hannunsa. Haka na buɗe ido na gani, ban kuma taɓa ganin ranar da ta yi kuskuren mota ba.

Sai idon Baba ya fara dushewa. Da fari cewa yake hasken rana ne ya yi yawa, daga baya ya daina ba da dalili. A shekarar ƙarshe da ya yi tuƙi na zo gida hutu, ranar da zan koma kuwa na tarar da shi a kan tabarmarsa ya buɗe kafireto, wato 'yar tukunyar nan da ke kan inji inda fetur ke gauraya da iska. Ya wanke shi, ya zo rufewa. Murfin yana da ƙananan noti shida. Biyar ya mayar da lalube, kowanne da girisinsa. Na shida ya suɓuce masa ya faɗa cikin ƙasa. Ya yi ta shafa rairayi da tafin hannu bai same shi ba, ni kuma ina tsaye da jaka a kafaɗa, mai babur ɗin da zai kai ni titi yana ta danna ham.

“Malam, ara mini idonka,” in ji shi.

Na tsugunna na ɗauko notin, na hure shi sau ɗaya, na zura shi a raminsa na murɗa da ƙarfin ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Gwangwanin giris yana nan kusa da gwiwata, ko taku ɗaya babu.

“Ka shafa masa?”

“Na shafa, Baba.”

Sai ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kafin in kai titi na manta da zancen. Bayan 'yan watanni idon ya rufe gaba ɗaya, aka tura motar gindin ɗorawa.

'Yan gwangwan sun yi ta zuwa neman a sayar musu da ita a matsayin ƙarfe, yana korar su da sandarsa. Duk ranar Juma'a da hantsi sai ya laluba ya je wajenta, ya zura hannun tayarwa a gaban injin ya juya shi sau goma, don kada injin ya kafe. Ni na ɗauka rigimar tsufa ce. Na sha ce wa Inna a sayar da tarkacen nan a samu wurin shuka kuɓewa. Takan ce, “Ka faɗa masa da bakinka.” Ban taɓa iyawa ba.

A daminar da ya rasu aka kira ni a waya aka ce jikin ya matsa. Likita ya riga ya ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a, kuma duk mun san fassarar wannan. Na same shi a zaure ya jingina da bango, ya rame har agogon hannunsa yana sauka zuwa gwiwar hannu. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko akwai abin da yake marmari, ina tsammanin zai ce tsire ko fura mai nono.

“So nake in ji kukanta,” ya ce. “Sau ɗaya. Ba sai ta yi tafiya ba.”

Na ce zan ɗauko bakanike daga Bici. Ya ce in na kawo baƙon hannu zai tashi da ciwon nan ya kore shi. Na ce to ni alli na iya riƙewa. Ya ce, “Kai ka kawo hannu da ido, ni ina da sauran.”

Washegari da safe aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, aka jera masa matasai. Gero ya yi kai, ya kewaye mu kamar katanga. Yana faɗa ina yi. Na kwashe sheƙar ɓeraye daga cikin injin, na zubar da tsohon baƙin mai na zuba sabo, na goge fulogi, na aro batir a wajen mai injin niƙa. Komai na ciro sai na miƙa masa ya shafa, ya shinshina, ya ce wannan zai yi, wannan a jiƙa shi a kananzir. Muryarsa ta dawo kamar ta da. Har faɗa ya yi mini da na ajiye noti a ƙasa ba a gwangwani ba, kuma wallahi daɗin faɗan nan na ji.

A rana ta biyu muka iso kan kafireto. Tsohon fetur ya bushe a ciki ya zama kamar ƙaro, dole a buɗe murfin a wanke, in ba haka ba ko ɗigo ba zai wuce zuwa injin ba. Na sa sukundireba a noti na farko, ina jiran kokawa. Ya juyo salin-alin. Da ya fito sai na ga jikinsa da sauran maiƙo, baƙi wuluk, bayan shekara goma sha tara. Na biyu haka, na uku haka, har biyar. Baba yana jin faɗuwarsu cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai.

Na shida ya ƙi. Tsatsa ta yi masa ja, ta haɗe shi da murfin kamar tare aka ƙera su. Ina ganinsa na tuna mai babur da ham ɗinsa, na tuna gwangwanin da ke kusa da gwiwata.

Baba ya sa na kama hannunsa na ɗora yatsansa a kan notin. Ya daɗe yana shafawa.

“Wannan bai sha giris ba,” ya ce.

Ga ƙofa an buɗe mini, amma ban shiga ba. Na ce, “Ta wannan gefen ruwan sama yake zuba, Baba. Shi ya sa.” Mutum mai 'ya'ya biyar, mai tsayawa gaban aji yana wa'azin gaskiya, ya ƙara ƙarya a kan ƙarya saboda noti da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba.

Baba ya ɗauke yatsansa daga kan notin. Ya ce in haɗa man birki da kananzir a murfin kwalba. Safe da yamma in tsoma tsinken tsintsiya in ɗiga wa notin sau uku, in ɗora bakin sukundireba a kansa in ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma sau uku, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. “Ƙwanƙwasawa kawai. Kada ka murɗa sai ya kwana bakwai. Tsatsa a hankali ta shiga, a hankali za ta fita.”

Kwana bakwai! Na dubi wuyansa, na dubi agogon da ke yawo a hannunsa. Na ce akwai man feshi na gwangwani da ake sayarwa yanzu, minti goma ya gama aiki. Ya ce ya ji labarinsa, in na so in fesa, amma kwanakin suna nan. Na ce bari in shiga Kano in nemo wani kafireton. Ya ce, “Ka kawo mata maƙogwaron wata, ka ce in ji muryarta? Shekara nawa na yi ina saita wannan da kunnena.”

Na aika aka sayo man feshin, na haɗa da nasa. Kwana ɗaya, kwana biyu. A rana ta uku Baba ya tashi ba ƙarfi, ko koko bai iya sha ba, ba a fito da shi ba. Na tsaya ni kaɗai a gaban motar bayan azahar, ina lissafin kwanakin da suka rage. Na ce wa kaina ai man ya isa shiga. Na ɗauko babbar sukundireba, na kama ta da filaya don ƙarin ƙarfi, na danne da ƙirjina na murɗa. Na ji abu ya saki, har na fara hamdala. Da na duba sai na ga tsagar da ke kan notin ce ta cinye. Kan ya zama sumul, babu inda sukundireba za ta kama, notin kuwa ko motsi bai yi ba. Na zauna a ƙasa cikin kashin awaki. Masu magana sun ce sauri ya haifi nawa, ni na haife shi da hannuna na kuma gan shi.

Kashegari ya ɗan ji dama, ya ce a fito da shi. Kafin in buɗe baki ya miƙo hannu. Na ɗora yatsansa a wurin. Ya shafa sau ɗaya ya janye.

“Malam ke nan,” ya ce. Ko ɗaga murya bai yi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nan na durƙusa na faɗa masa duka. Na ce ranar nan ban shafa giris ba, ko ƙasar jikinsa ban goge ba, kuma zancen ruwan sama ƙarya ne. Ina magana ina kuka, ƙato da ni, a tsakiyar gero.

Ya bari na gama, sannan ya ce, “Ai na sani tun a ranar. Busasshen noti kuka yake in ana ɗaure shi. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan.”

Na ce to me ya hana shi kwance shi bayan tafiyata, tun tsatsa ba ta kama ba? Aikin minti ɗaya ne.

“Na bar maka shi ne. Na ce in ka dawo hutu za ka ce, Baba, ba ni sukundireba, akwai abin da zan gyara.” Ya yi ɗan tari, ya gyara zama. “Ka dawo, ba ka ce ba. Na ce to wani hutun.”

Na lissafa hutun da na zo gida a shekarun nan, na ƙaramar salla da na babba da na ƙarshen zango. Sau nawa na wuce ta gaban motar nan da jaka a kafaɗa? Ashe duk zuwan da na yi yana sauraren magana ɗaya daga bakina, ni kuma ina kawo masa shadda da turare ina ganin na cika ɗa.

Ya ce in daina kuka, kada Inna ta ji ta zaci mutuwa aka yi. Ya sa na nemo guntun zarton ƙarfe, na yanka wa kan notin sabuwar tsaga, a hankali, yana sauraren ƙarar yana cewa ya isa, ƙara kaɗan. Da na gama sai ya ce murɗar da na yi ta ƙara cusa tsatsar ciki, kuma kan ya yi siriri, dama ɗaya ta rage masa. In ya sake cinyewa sai dai a fasa murfin. Saboda haka a fara ƙirga kwana bakwai daga yau.

“Baba, kwanakin...” na fara.

“Kwanaki na Allah ne. Kai dai ɗiga mai.”

Na ɗiga. Safe da yamma, ɗigo uku, ƙwanƙwasa uku. A rayuwata ban taɓa bin umarni sau da ƙafa kamar wannan ba. Ranar da kwana bakwai na farko ya cika, wanda da na yi haƙuri a ranar za a buɗe murfin, Baba yana zaune a gindin ɗorawa garau, ya sha koko kofi guda, har yana ba ni labarin wata rana da motar ta kafe a rafin hanyar Kunci da buhun gyaɗa ashirin a bayanta. Ya yi dariya har da hawaye. Ni na kasa dariyar, domin na san abin da ranar take, kuma na san shi ma ya ƙirga.

Daga ranar nan bai ƙara fitowa ba. Daga ɗakinsa yana jin ƙwanƙwasar, in na shigo sai ya ɗaga yatsu ya nuna mini kwanakin da suka rage. Ranar da ya ɗaga biyu, da hantsi, ina ta ɗiga mai aka aiko Inna tana kira. Na same ta tana riƙe da kansa tana maimaita masa kalmar shahada. Hannuna yana warin kananzir na rufe masa idanu. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ban daina ɗiga man ba. Ana zaman makoki a ƙofar gida, nakan zame in zagaya baya da tsinkena. Wani kawuna ya gan ni, na ji yana ce wa na kusa da shi mutuwar ta taɓa ni a ka. Ban damu ba. Kwana bakwan suka cika suka wuce, na kasa sa sukundireba. Ina tsoron ya ƙi, ina kuma tsoron ya yarda.

Sai da aka yi addu'ar bakwai baƙi suka watse. Da safe na shimfiɗa tabarmarsa, na jera gwangwanayen. Na sa bakin sukundireba a sabuwar tsagar, na yi bisimilla, na murɗa da yatsu uku. Ya yi 'yar ƙara siririya, ya juyo. Ya fito ja da tsatsa, a ƙarshensa kuma ga ƙwayoyin rairayi manne, rairayin da ban goge ba. Na riƙe shi a tafin hannuna na daɗe ina kallo.

Na wanke kafireton kamar yadda ya koya mini. Na goge notin nan da tsumma har ya yi haske, na lakaci giris na shafe shi, shi da sauran biyar, na mayar. Na haɗa batir, na zuba fetur. Na murɗa makulli sau ɗaya, ta yi tari. Sau biyu, ta yi tari. A na huɗu ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe gindin ɗorawa, awaki suka watse cikin gero, sannan injin ya daidaita ya koma wannan kukan nata mai ɗan rawa a ƙarshe, wanda na manta na sani. Na kifa kaina a kan sitiyari. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, har da ranar jana'iza.

Da na ɗago sai na hango Inna ta ƙofar baya. Tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina, amma ga ta tsaye a bakin ƙofa da mayafinta, farin kwanon shan nan a hannunta cike da ruwa. Ta dubi motar, ta dubi wanda ke kujerar direba. Sai ta dubi kwanon, kamar ba ta san lokacin da ta ɗebo ruwan ba.

“Kai,” ta ce. “Kashe ta.”

Na kashe. Ta tsaya jim, ruwan yana zuba kaɗan-kaɗan a kan yatsunta. Sannan ta miƙo mini kwanon daga inda take, na sauko na je na karɓa da hannu biyu, na tsugunna na sha.